Wa Ke Da Lambun Gayya?

A ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi, in watan Oktoba ya raba tsakiya ruwa ya kan ɗauke. Daga nan sai raɓa da sassafe, sa'an nan iska ta juya ta fara busowa daga arewa maso gabas, tana jawo ƙurar hunturu. Lokacin nan hankalin kowa yana gona. An karye masara an kai gida, ana tuge waken suya, dawa ta nuna tana jiran yanka, auduga ta fara fashewa, ko wane magidanci kuwa yana lissafin buhunan da zai kai kasuwar Dandume ko ta Bakori. Ba mai waiwayar lambu. In ka ce wa mutum ya zo ku duba lambun makaranta, ko 'yan itatuwan da samarin unguwa suka taru suka dasa a bayan masallaci, sai ya dube ka ya ce, "Me ya rage a ciki? Ai damina ta wuce."

To, ni a ganina ba lokacin da ya kamata a dubi lambu kamar wannan, balle lambun da jama'a suka yi da hannunsu ba don lada ba. Da damina ko wane fili kore ne. Ciyawa ta yi kyau, shuka ta yi kyau, har juji ma ya kan yi ado da kabewa. Ruwan sama ya kan rufa wa malalaci asiri wata biyar cur, ba a gane aikinsa da na mai himma. Amma in ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe ta kwanta, sai lambu ya tsaya da abin da a ka sa masa kaɗai. Sa'an nan ne mai kallo zai san ko an yi aiki a wurin, ko kuwa taro kawai a ka yi.

Ku 'yan makaranta, ku shiga lambun da ya kai shekara bakwai ko takwas cikin watan Nuwamba, ku yi tafiya a hankali, za ku ga abin kallo bai ƙare ba, sake kama ya yi. Yakuwa ta zubar da yawancin ganyenta, ta bar soɓorodo jajawur a jikin kara. Kuɓewar da a ka bari don iri ta bushe ta tsage, in iska ta kaɗa ta sai ka ji 'ya'yan suna kaɗawa a ciki. Kabewa da ganye ya ɓoye duk damina yanzu ga ta a fili, manya manya, kamar an ajiye tulu. Zogale ya saki dogayen 'ya'yansa. Lemo ya fara ja, gwanda ta yi nauyi har sai an tokare ta, magarya da kanya suna shirin nuna, tsamiya ta yi goyo, kuka kuwa ta tuɓe ganye sarai ta bar 'ya'yanta suna reto. Mangwaro bai ce kome ba tukuna, yana jiran sanyi ya kama sosai ya fid da fure. Tsuntsayen da ba ka gani da damina, don abinci ya wadace su a daji, yanzu sun dawo lambu, da ƙudan zuma tare.

Yawancin itatuwan nan ma baƙi ne. Mangwaro da dogon yaro asalinsu ƙasar Indiya da maƙwabtanta, gwaiba da gwanda daga ƙasashen Amurka masu zafi suka fito. Dogon yaro, wanda mu a nan mu ke ce wa bedi, cikin 1928 a ka fara dasa shi a Nijeriya, a ƙasar Barno, yau ga shi ba garin da ba ya inuwa ƙarƙashinsa daga Maska har Jibiya. Ko wane ɗaya wani ne ya ɗauko irinsa daga nesa, ya yi ta ba shi ruwa, ba mu ko san sunansa ba.

Amma sarkin wannan lokaci shi ne gawo. Duk itatuwan daji da damina su ke ganye, shi kuwa sai ya saɓa musu. In ruwa ya sauka ya zubar da ganyensa ya tsaya tsirara kamar matacce, har baƙo ya ce a sare shi a yi makamashi. In ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa sun fara yaushi, sai ya tsatso sabon ganye ya yi lif. Manoma sun san amfanin wannan hali tun kaka da kakanni: ba ya yi wa gero da dawa inuwa lokacin da su ke bukatar rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna bar wa gona kashinsu. Saboda haka ne sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka hana saransa, suka sa horo mai tsanani bisa wanda ya yi. Wanda ya yi wa gawo hukunci cikin watan Agusta lalle ya zalunce shi.

To, ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Lambun nan da ya girma, ya fara ba da 'ya'ya da inuwa, na wane ne? Na waɗanda suka taru ranar dashe ne, ko na 'yan kaɗan ɗin da suka yi ta ɗaukar ruwa bayan taro ya watse, ko na yaran da yanzu su ke jifar gwaiba, waɗanda ba a ko haife su ba sa'ad da a ka haƙa ramuka? Kada ku ɗauka tambayar wasa ce. Na ga abokai sun daina gaisawa a kanta, na ga kuma lambu mai kyau ya koma makiyayar awaki don an kasa amsa ta.

Sai mu fara da gayya kanta, gama ita ce uwar irin wannan aiki a ƙasar Hausa. Mai gona in noma ya fi ƙarfinsa ya kan aika da goro, a sanar da samari da maƙwabta ranar kaza. Ran nan mata su dama fura su tuƙa tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, a jera a bakin kunya, a yi ta tsere ana kirari, gonar da za ta ci mutum ɗaya mako biyu a gama ta kafin la'asar. Abu ne mai kyau, ba kuwa wanda ya taɓa tsayawa cikin wannan ƙura da kiɗa da zai ce ba shi da daɗi. Yanzu ta ragu ƙwarai. Ƙwadago na kuɗi, da garmar shanu, da tarakta, da maganin ciyawa da a ke fesawa sun karɓe yawancin aikinta, tun ba bayan da aikin gona na Bankin Duniya ya zo Funtuwa cikin 1975 ba, ya yawaita takin zamani da noman masara don sayarwa.

Amma ku lura da abu biyu game da ita. Na fari, gayya ba kyauta ba ce, bashi ce. Wanda ya zo gonarka yau ya san gobe za ka zo tasa, in kuwa ka ƙi, ba alƙalin da zai kira ka, amma garin duka ya rubuta. Na biyu, gayya aikin yini guda ce. Tana da farko, tana da ƙarshe, tana da kiɗa a tsakani, kuma gonar da a ka nome tana da mai ita, wanda zai ci gaba da dubanta bayan kowa ya tafi gida. Lambu na jama'a ya rasa duka biyun. Ba wanda zai rama maka ruwan da ka ɗauka, gama mai cin amfanin watakila yana goye a bayan uwarsa. Ba kuma ranar da za a ce an gama.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da ku 'yan makaranta ne. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Mayu wajen mako 30 ke nan ba ruwan sama abin dogara. Dashen mangwaro ko lemo yana so a ba shi ruwa ko da sau biyu a mako, watau sau 60 cikin rani guda. Ba ya kuwa tsayawa da ƙafarsa sai ya ga rani kamar uku, sau 180 ke nan. In dashe 20 a ka yi, ko wanne bokiti guda, ya zama bokiti 3,600 da wani zai jawo daga rijiya ya ɗauka a kansa, ba ganga, ba fura, ba mai yi masa kirari. Ban da wannan ga awaki da tumaki da a ke saki da zarar an kwashe amfanin gona, waɗanda ba abin da su ke so kamar ɗanyen tofo cikin rani, sai an yi ta gyaran shinge. Ga gara. Ga wutar da yara masu farautar gafiya su kan cinna wa busasshiyar ciyawa. Ranar dashe kuwa yini ɗaya ce tak, cikin Yuli ko Agusta, ƙasa da laushi, manya sun zo da manyan riguna, an ɗauki hoto. Wanda ya bi gefen hanyoyinmu cikin Maris ya ƙidaya ramukan da ba kome a ciki sai busasshen tsinke, ya san inda yawancin irin wannan dashe ya kan ƙare.

A nan wani mai hankali zai ce, "To, malam, ai ka kashe maganarka da bakinka. In haka ne, abin da ba na kowa ba ba ya rayuwa. A raba filin, kowa ya san nasa." Ba zan raina wannan magana ba, gama tana da ƙarfi. Wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya yi rubutu a kanta cikin 1968, ya kawo misalin makiyaya ta gari duka: ko wane mai shanu ribarsa ita ce ya ƙara saniya ɗaya, hasarar ciyawa kuwa a raba ta bisa kowa, har a wayi gari fili ya zama fako. Ba ma sai mun je Amurka ba, ga shaida nan kusa da mu a ƙasar Maraɗi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa a Nijar, galibinsu suka mutu. Cikin 1983 wani mutumin Ostireliya mai aikin mishan a can, Tony Rinaudo, ya lura da cewa 'yan kurmin da ke tsirowa cikin gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa ko wace shekara, tofon kututturan manyan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. In an zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi an bari, an datse sauran, sai su tashi da sauri ba tare da ban ruwa ba. Mutanen wurin suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. Cikin yunwar 1984 a ka riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar itatuwa cikin gonakinsu, suka bari. Da rabon abinci ya ƙare, da yawa daga cikinsu suka sare. Abin bai kafu ba sai da manomi ya ga amfanin da idonsa, ya kuma tabbata itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara ba in ya yanki reshe. Daga nan ya bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka kimanta cikin 2009 cewa ya kai kadada wajen miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Labarin nan ya nuna ɗan Adam ya fi kula da abin da ya san nasa ne, ban kuwa ga amfanin musun wannan ba. Wanda ya kafa lambun jama'a bisa zaton mutane za su yi ta zuwa shekara da shekaru don kyan zuciya kaɗai, ya yi gini bisa yashi. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ba na kowa ba da abin da ya ke na jama'a sanannu. Wata masaniya, ita ma Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta yi nazarin makiyayun ƙauyukan duwatsun Suwizalan, da dazuzzukan ƙauyukan Japan, da magudanan ban ruwa na Sifen, waɗanda jama'a suka riƙe tare ɗaruruwan shekaru ba su lalace ba. Ta buga littafinta cikin 1990, cikin 2009 kuma ta zama mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki. Abin da ta tarar shi ne, inda abin ya ɗore an san iyakar wurin, an san su wa ke da hakki a ciki, masu aikin su ne ke yanka dokar, akwai mai sa ido, mai laifi kuma a kan fara masa da horo kaɗan kafin mai yawa.

Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma sun san shi. A ƙasar Hausa itacen ɗorawa ya kan zama na wani, gonar da ya ke tsaye a ciki ta wani, a gaji wannan dabam a gaji wancan dabam, kowa kuwa ya san ranar da ya halatta a sa ƙugiya a kaɗe kalwa. Rijiyar da mai hali ya haƙa sadaka ta kowa ce wajen sha, amma unguwa ta san wanda zai tara mutane in lokacin yasa ya yi. Malamai suna lissafa dashen itace cikin sadaka mai gudana, duk da haka ba su ce a dasa a juya baya ba. Saboda haka amsar kashi na farko na tambayarmu ke nan: lambun gayya ba ya zama na jama'a sai jama'ar tana da suna. In an ce na kowa da kowa ne, to, na awaki ne.

Akwai wata hanya da mutane su kan bi su guje wa duk wannan wahala, ita ce tilas, kuma ita ce ta fi shafarku. Sau da yawa a makarantu ban ruwan lambu horo ne. Yaro ya makara, a ce ya ɗebo bokiti goma. Ya yi surutu cikin aji, a ba shi fartanya. Itatuwa su kan rayu ta haka, ban ce ba su rayuwa ba, amma a duba abin da a ka shuka cikin zuciyar yaron. An koya masa cewa taɓa ƙasa sakamakon laifi ne, mai hankali kuwa shi ne wanda ya kuɓuta daga gare ta. In ya girma ya sami aikin ofis ba zai dasa ko zogale a gidansa ba. Tsofaffinmu sun san ɗacin aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Gwamnatin Ingila ta sa a ka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos ba da sonsu ba, da yawa kuwa ba su komo ba, saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Ban kwatanta bokiti goma da wannan ba, Allah ya kiyaye. Amma asalin abin ɗaya ne, watau a ci amfanin ƙarfin mutum ba a nemi yardarsa ba. Malamin da ya kira wannan gayya ya ɓata wa gayya suna. In lambun makaranta ba zai rayu ba sai da bulala, gara a rage shi ya koma kunya huɗu da yara shida masu so za su iya riƙewa.

To, waɗanda suka zo da son ransu fa, me a ke bin su, me su ke bi? Wasu suna ganin in mai ban ruwa ya ɗauki ko lemo ɗaya ya ɓata ladansa, wai aikin Allah ba a haɗa shi da ci. Ni ban yarda ba. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Yaron da ya ɗauki ruwa rani uku, sa'an nan ya ga an tsinke gwaibar farko an kai gidan wani babba da bai taɓa taka wurin ba, an koya masa darasin da ya fi na cikin aji shiga rai, ba kuwa darasin kirki ba. Abin da ya dace a yanka rabo a fili tun kafin 'ya'ya su nuna: kaza na masu aiki, kaza a sayar a sayi igiya da guga da iri, kaza na marasa lafiya da baƙi, abin da ya faɗo ƙasa kuwa na duk yaron da ya tsinta. Rabon da a ka faɗa gaban kowa ba ya rage lada. Wanda a ke ɗauka da dare shi ne ke kashe lambu, gama daga ranar da masu aiki suka fara zargin juna, ƙafa ta kan ɗauke ɗaya bayan ɗaya.

Amma hakkin ci dabam, mallaka dabam. Wahalar da mutum ya sha ta ba shi rabo, ta ba shi baki cikin shawara, ba ta ba shi ikon ya kewaye wurin ya ce nasa ne ba. Ya shiga aikin ne bisa sanin na jama'a ne, da an ce masa tun farko gonar wane ce, da shi da sauran ba su zo ba. Wannan jarrabawa ba ta zuwa sai lambu ya girma. Dashe yana ƙarami ba mai so, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Ran da ya fara kawo kuɗi sai ka ji masu shi sun yi yawa, har wanda ya riƙe wa wani riga ranar dashe ya tuna da shi a ka yi.

Akwai kuma jarrabawa ta biyu da girma ke kawowa, wadda ta fi wuya don ba mugu a cikinta. A wata makaranta da na sani, wani tsohon shugabanta, Allah ya ji ƙansa, ya dasa mangwaro biyar a jere, taku huɗu huɗu tsakaninsu, gama suna ƙanana wurin ya yi kamar ya ishe su. Bayan shekara goma sha biyar rassansu suka sarƙe, suka daina 'ya'ya sai a can ƙoli, inuwarsu ta kashe kunyoyin tumatir da albasa da yara ke nomawa da rani, saiwarsu kuma ta kama hanyar rijiya. Masu aikin lambun suka ce a sare biyu don uku su sami iska. Tsofaffin ɗalibai suka ce ba mai taɓa itacen da malaminsu ya dasa da hannunsa suna raye. Duka ɓangarorin biyu mutanen kirki ne, ɗaya na kare lambu, ɗaya na kare alkawari da mamaci.

Na daɗe ina juya wannan, ga kuwa inda na tsaya. Marigayin da ya haƙa ramuka biyar ba lissafin biyar ya dame shi ba, so ya ke yara su ci mangwaro su zauna a inuwa. Duk mai dashe da ya san aikinsa ya kan dasa fiye da bukata don ya san wasu za su mutu, in kuwa duka suka rayu, ragewa na cikin aikin da ya bar wa na baya. Wanda ya hana a rage ya riƙe itacen ya saki nufin mai itacen. Ban ce a yi shi da gaggawa ko da raini ba. A kira tsofaffin, a zaga da su, a nuna musu rassan da suka bushe daga ciki, a bar su su zaɓi waɗanda za su tsaya, a kuma shuka ƙwallon waɗanda za a sare a wani gefen fili. Amma magana ta ƙarshe ta masu ɗaukar ruwa ce a yau, domin su za su zauna da sakamakon. Matattu suna da hakkin addu'a da ambato da alheri a kanmu, masu zuwa suna da hakkin mu bar musu wuri mai amfani, na tsakiya kuwa, mai bokiti a ka, shi ne wakilin duka biyun ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙarshen kaka ne lokacin irin wannan shawara, gama yanzu ne a ke ganin ƙirar ko wane itace sarai, a gane wanda ya danne ɗan'uwansa da wanda gara ta ci daga ciki. Yanzu ne kuma karan dawa ya wadata don gyaran shinge, kafin a saki dabbobi. A 'yan shekarun nan da rashin zaman lafiya ya hana mutane da yawa na wajen Faskari da Sabuwa zuwa gonakinsu na nesa, ɗan filin da ke cikin gari, kusa da rijiya, ya ƙara daraja, masu sa masa ido kuma sun ƙaru. Makarantar da ke da irinsa ta tara masu aikinsa cikin wannan wata, a rubuta sunan mai ban ruwa na ko wane mako daga Nuwamba har Mayu, da wanda zai tsaya masa in ya yi ciwo ko lokacin hutu, a rubuta yadda za a raba lemon bana, a ɗebe irin kuɓewa da na yakuwa a zuba cikin kwalba da toka, a faɗi gaban kowa hannun wanda za a ajiye ta.